Firigon da Ke Sahun Baya

In kun shiga Gazawa kuka wuce inda masu amalanke ke tsayawa, akwai wani gida mai katangar siminti, da farantan hasken rana jere a kan rufinsa. A bakin ƙofa za ku tarar da wani tsoho siriri zaune kan tabarma, da sanda a gefensa wadda bai taɓa bugun ko kare da ita ba. Ɗanbaba ke nan, taubashina. Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini Hauwa mai bakin tsiya. Duk duniya ni kaɗai yake iya buɗe wa cikinsa, shi ya sa labarinsa yake hannuna. Zan faɗe shi yadda yake ko zai ji haushi, don ni ma haushinsa nake ji har yau.

Kakanninmu daga wajen Katsina suka hauro, suka sari daji suka zauna. Ɗanbaba bai daɗe a lakol, wato makarantar boko, ba aka cire shi aka ba shi hauya. Gero, wake, aya, su ne duniyarsa da damina. Da rani ya tsallaka kudu ya yi dako a kasuwanni har sai hadari ya fara haɗowa. Mutum ne mai gaskiya, wannan ba na hana shi. Amma yana da wani hali da ya ishe ni tun ƙuruciya, wato ba ya iya cewa yana son abu. Akwai ranar da ƙaya ta shige masa ƙafa a hanyar kasuwar Cadawa, ƙafar ta kumbura kamar tulu. Mai amalanke ya tsaya ya ce ya hau, sai bawan Allahn nan ya ce ai ya kusa. Ko rabin hanya bai yi ba! A gidan biki a miƙa masa tuwo ya ce ya ƙoshi, ga cikinsa yana kuka kowa na ji. Mutane suna yaba masa, wai mai kunya ne, ɗan gidan mutunci. Ni kuwa ina ce masa, "Bawana, kunyar nan taka wata rana sai ta yi maka ɓarna." Dariya kawai yake yi.

Da ya tashi aure sai ya auro irinsa. Lantana mace ce mai sanyin murya, mai tsabta, in tana daka ko waƙa ba ta yi don kada maƙwabta su ji. Ina sonta ƙwarai, ko da yake takan sa ni in ji kamar ni mahaukaciya ce. Ɗiyarsu ta fari Zahra'u, tun da aka raɗa mata suna, Lantana ba ta taɓa kiransa da bakinta ba. Sai dai "yarinyar nan". Haka al'adarmu take, uwa tana kunyar ɗan fari, amma ita Lantana ta kai abin ƙarshe. Ko ido ba ta haɗawa da ita in da mutane. Maza biyu da suka biyo baya sun girma sun tafi Agadas neman abinci, sai dai waya.

Zahra'u ta auri Tahiru, ɗan wani tsohon gida na Tibiri, wanda ya yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Maraɗi. Yaron kirki ne, kada ku ji labarin nan ku zarge shi. In ya zo gaisuwa tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Lantana da ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta faɗa ɗaka, ta amsa gaisuwa daga bayan labule. Ɗanbaba kuma ba ya kiran sunansa, Malam yake ce masa, su gaisa kowa yana kallon wani gefe.

Dako ya ci bayan Ɗanbaba. Ya kai ba ya iya sunkuyawa ya yi noma na kirki, sai ɗan shema, wato sharar ciyawa, a gonar bayan gari. Daidai lokacin ne ƙungiyar manoman yankinmu ta samu wani furoje, wato shirin tallafi, ya gina mata gidan nan mai katanga. A ciki akwai ɗaki guda ba taga, sanyi ƙalau, da wata kabad ta ƙarfe mai injuna uku a jere, ɗaya bisa ɗaya. Aikinsu amsa kiran manoma. Mutum yana Sae Sabuwa ko Cadakori ya buga wata lamba, a gaya masa da Hausa farashin wake a kasuwanni, ko yaushe ake sa ran ruwa, ko ya bar saƙon tsutsa ta faɗa wa geronsa. Tahiru ne mai kula da injunan, daga Maraɗi yake ganinsu a ordinatarsa. Da aka ce ana neman gardi, bai iya tunkarar surukinsa ba, sai ya bi ta wajen shugaban ƙungiya. Kowa a gari ya san inda aikin ya fito, amma su biyun ba su taɓa maganarsa ba.

Ɗanbaba yana zuwa bayan magariba, ya tashi bayan gari ya waye. An yi masa ɗan ɗaki na kwano jikin katanga, da fitila ɗaya da wurin jona wuta ɗaya.

Sai ciwon suga ya kama Lantana. Majo, wato mai kula da ƙaramin asibitin garinmu, wata mata Dija, ta ɗora ta kan allura safe da yamma. Ta yi musu bayani sarai. Kwalbar da aka buɗe ana iya ajiye ta cikin jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin randa har ta ƙare, amma waɗanda ba a buɗe ba sai firigo, wato firiji, don zafi yana kashe su. Da farko ba matsala, ɗaya-ɗaya suke karɓowa. Lantana ta murmure, har ta koma yin ƙuli-ƙulinta.

Shekarar da aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga kudu ta yanke, magani kuma ya yi wuya. Wata rana Dija ta kira Ɗanbaba gefe ta ce allurar ta samu, amma ba ta san ranar da wata za ta sake zuwa ba. In yana da inda zai ajiye, ya ɗauki ta watanni, don nata firigon cike yake da rigakafin yara, kuma shi ma sai a hankali. Ɗanbaba ya ce yana da wuri. Ya sayar da ragonsa ya sayo wani ɗan tsohon firigo, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, ya ɗauko shi a amalanke cikin buhunan dusa. Ya kai ɗakin gadinsa, ya tura bayan ƙyaure, ya jona, ya lulluɓe da tabarma. Rayuwar matarsa ke nan ya zuba a ciki ya rufe.

Ku ji inda ƙwaƙwalwar bawana ta tafi. A wajensa wannan sata ce. Wutar wurin aikin surukinsa yake ci a ɓoye. Firigon da bai kai cin fitilar waje ba! Da ya tambaya, da an ce masa bismilla. Amma ya roƙi mijin ɗiyarsa? Ya buɗe baki ya ce masa surukarka tana da lalura, a taimaka mana? Ai gara a yanka shi. Zahra'u da mijinta sun san da ciwon, suna ma aiko da abin da ya sawwaƙa, amma a zatonsu maganin yana wajen majo.

Rashin wutar nan ya wahalar da injunan. Hasken rana da batir kaɗai suka rage, in batir ya yi ƙasa sai komai ya mutu gaba ɗaya, manoma su yi ta kira shiru. Dole Tahiru ya bugo wa Ɗanbaba waya ya sa shi tada su da hannu. Na taɓa jin irin wayar, wallahi abin tausayi. "Baba, don Allah in ba damuwa, ko za a ɗan duba madannin nan ja." Shi kuma, "To Malam, an duba." Suruki yana aiken surukinsa, kowanne gumi yake yi. Tahiru ya gaya mini daga baya cewa wannan na cikin abin da ya sa ya ƙagara ya kawo sabon tsari, don ya hutar da tsohon daga aikensa.

Gab da bazara ya zo da tsarin. An ce wutar kudu ta dawo, amma zuwanta ba tabbas, ta leƙo ta koma. Tahiru ya zauna gindin bedi, wato dogon yaro, a tsakar gidan, ordinater a cinya, yana yi wa shugaban ƙungiya bayani. Ɗanbaba yana tsaye can nesa yana saurare.

Ya ce aikin da injunan ke yi ba manne yake da jikin kowannensu ba. Kamar kaya ne a kan jakai uku, ana iya sauke na wannan a ɗora wa wancan ba tare da an tsaya ba. Yanzu ya sa wani mai lura a cikinsu, ba mutum ba, tsari ne na cikin injin, wanda ba ya barci. In kira ya yi yawa, kamar ranar kasuwa, zai tada duka ukun ya raba musu kaya daidai. In kira ya ragu, ya tattara komai ya ɗora wa guda, sauran biyun su kwanta, wuta ta huta. Shugaban ƙungiya ya yi dariya ya ce ashe shef, wato shugaba, aka kawo mana. Sunan ya bi shi, har yau Shef muke cewa.

Tahiru ya ce Shef ba injuna kaɗai zai riƙa juyawa ba, har wutar gidan duka. Ya jera komai sahu-sahu kamar a masallaci. Injuna a sahun gaba, na'urar sanyaya ɗakinsu a bayansu, sai cajin batir don dare, sai fitilun waje. In wuta ba ta isa ba, daga sahun baya zai fara yankewa, ba ya tambayar kowa. In ta wadata ya mayar.

Daga nan ya ajiye ordinatar ya taso, ya durƙusa nesa da surukinsa.

"Baba, ɗakinku ne ya rage. Akwai wani abu da ke jone a ciki wanda bai kamata a yanke masa wuta ba? In akwai sai in sa shi gaba."

Kun ji fa. Yaron nan da bakinsa ya tambaya. Firigon yana bayan ƙyaure, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Ɗanbaba ya ce mini ya ji maganar ta taso masa har maƙogwaro. Sai ya ga shugaban ƙungiya yana kallonsu, ya tuna wanda ke durƙushe gabansa mijin yarinyar nan ne.

"Ba komi, Malam. Fitila ce kawai."

"To Baba, fitila ai sai dare. Zan bar shi a baya."

"Madalla. Allah shi yi albarka."

Kai, Ɗanbaba! Duk lokacin da na zo nan a labarin sai in ji kamar in tashi in je in shaƙe shi. Kalma ɗaya ce fa, firigo. Ko aku ya iya faɗinta.

Hankalinsa bai kwanta ba, gaskiya. Da ya zo aiki bayan magariba ya ɗaga tabarma ya kasa kunne, ya ji firigon yana gurnani. Ya sa hannu, da sanyi. Da safe kafin ya tafi ya sake dubawa, sanyi ƙarara. Ya yi haka kwana da kwanaki, kullum lafiya. Sai ya saki jiki, ya ce ashe Shef ɗin nan bai gan shi ba.

Abin da bai sani ba, shi da Shef ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya. Da rana ta ɗaga, manoma suka fara kira, Shef yana tada injuna uku. Injuna uku suna fidda zafi, ga zafin bazara, na'urar sanyi ta kama aiki ba tsayawa, ga batir yana jiran a cika shi. Wuta ba ta isa, sai a yanke sahun baya. Tun hantsi har rana ta yi sanyi ɗakin gardi ba wuta, a kulle, rufin kwano, rana tana dukansa. Kun san bazarar ƙasar nan, ko ƙadangare neman inuwa yake yi. Da yamma kira ya ragu, Shef ya kwantar da injuna biyu, wuta ta yi saura, ya mayar wa ɗakin. Kafin Ɗanbaba ya idar da magariba ya iso, firigo ya yi sanyi kamar ba abin da ya faru. Haka kwalaben nan suka yi ta dahuwa da rana suna hucewa da dare.

Da kwalbar gida ta ƙare ya ɗauko wata daga firigo. A ido ba abin da ya same ta. Aka ci gaba da yi wa Lantana allura safe da yamma, amma sai ƙishirwa ta dawo. Ta sha ruwa ta sha, bakinta a bushe. Ta fara ramewa, idonta ya fara hazo, ta daina ƙuli-ƙuli. Dija ta auna ta, ta ga suga ya hau, ta ƙara yawan allurar. Ba canji. Ta sake ƙarawa, ta tuhume ta ko tana shan shayi da sukari a ɓoye. Lantana ta rantse.

Ni ina aure a Cadawa, sai jefi-jefi nake zuwa. Da na gan ta a lokacin gabana ya faɗi. Zane yana zamewa daga ƙugunta. Na ce, "Lantana, mi ke nan? An gaya wa Zahra'u?" Ta ce zafin bazara ne kawai, kada in tada wa yarinyar nan hankali tana da goyo. Ina zaune wayar Zahra'u ta shigo, Ɗanbaba ya miƙa mata, ta kau da kai ta ce, "Ka ce mata lahiya lau." Na yi faɗa na gaji na koma gida. Zancen firigo kuwa ko a mafarki ban san da shi ba.

Wata ranar kasuwa da azahar Ɗanbaba ya koma wurin aiki ɗauko gorar ruwansa da ya manta. Bai taɓa shiga ɗakin da rana tsaka ba. Yana buɗe ƙyaure zafi ya buge shi a fuska kamar an buɗe tanda. Sai ya ji firigon shiru. Ya yaye tabarma ya buɗe firigon, iska mai ɗumi ta fito. Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya ji ta da ɗumi a tafin hannunsa kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Ta bayan bango kuwa yana jin injuna uku suna ta ruri, na'urar sanyi tana ta hura musu.

Ya ce mini a nan ya gane komai, ya zauna a ƙasa. Ya fiddo waya ya kira Tahiru. Ko a lokacin da sauran dama, don Tahiru yana Maraɗi, da ya ji da ya zagaye garin kaf ya nemo sabuwar allura.

"Salamu alaikum, Baba. Ina wuni? Ina gajiya?"

"Lahiya lau, Malam. Ina iyali? Ina jaririya mai sunan tsohuwa?"

Suka gaisa, suka sake gaisawa. Ɗanbaba bai saba kiransa ba, don haka Tahiru ya tambaya.

"Baba, ko akwai wani abu ne? Injunan ina ganinsu lahiya."

"A'a. Gaisuwa ce kawai."

Ya kashe waya. Ya kwashe kwalaben ya ɗaure a gefen rawani ya kai gida, ya tona yashin ƙarƙashin randa ya binne su. A tunaninsa in sun huce za su dawo daidai, kamar fura. Ya zauna bakin gado ya gaya wa Lantana duk abin da ya faru, ya ce gobe zai je ya faɗa wa majo, in ya so ta kira Malam.

Lantana ta kama hannun rigarsa. Ta ce, "In majo ta ji, gari ya ji. A ce surukan yaron nan suna satar wuta a wurin aikinsa? Da wane ido yarinyar nan za ta dubi dangin mijinta? Ka rufa mini asiri. Ai ga shi sun huce."

Ya rufa mata. Su biyu suka haɗu suka rufe, suka ci gaba da tsira mata abin da ba shi da maraba da ruwan randa. Ina jin zafin wannan fiye da komai, don ba rashin so ba ne. Mutumin nan da zai iya ba ta idonsa, da ya ƙwaƙule ya ba ta. Bakinsa ne kawai ya kasa ba ta.

Ba a daɗe ba, wata safiya ya dawo daga aiki ya tarar ba ta tashi sallah ba. Tana kwance tana jan numfashi da ƙarfi, mai zurfi, ta yi amai, ba ta gane shi ba. Maƙwabta suka ɗora ta a amalanke sai likita. Dija ta auna ta, ta dubi abin awon ta sake dubawa. Ta ce wannan kamar wadda ba a yi wa allura ko sau ɗaya ba. Ta juyo ta tsare Ɗanbaba da ido ta ce ya gaya mata tsakaninsa da Allah inda yake ajiye maganin. A nan ne, a gaban mutane, da matarsa kwance ba ta ji, bakin ya buɗe.

Dija ta dafe kai ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, da ka faɗa mini tun ranar!" Ta sa mata ruwa, ta nemo mota aka wuce da ita babban asibitin Agye. An yi abin da za a iya. Kafin la'asar Lantana ta cika. Zahra'u tana hanya daga Maraɗi da goyonta, ba ta same ta ba.

Ina wurin wanka, ina wurin da aka fitar da ita. Ɗanbaba bai yi kuka ba, yana zaune cikin maza yana amsa gaisuwa, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare, ni ma musulma ce. Sai da aka yi sadakar uku mutane suka ragu, ya kira ni bayan rumbu ya zayyana mini duk abin da na gaya muku, tun daga rago har zuwa yashin randa. Ban taɓa zagin mutum kamar yadda na zage shi ran nan ba. Na ce masa bawan banza, na ce masa kurma, na ce ya kashe mini ƙawa da ladabi. Da na gaji sai na ga tsoho ne kawai, bayansa a karye, ba shi da kowa a ɗaki. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka, shi yake ba ni haƙuri.

Ya roƙe ni kada Malam ya ji. Na ce masa ni ba surukar kowa ba ce, kuma ba a haife ni da irin ciwonsu ba.

Ranar da Tahiru zai koma, ya biya ya duba injunansa, na bi shi. Azahar ce, rana tana tsakiyar ka. Ɗanbaba ya riga mu zuwa, yana zaune bakin ƙofar gidan, don tun rasuwar ba ya iya zaman gida. Na ce, "Tahiru, zo ka ga wani abu." Na tura ƙyauren ɗakin gardi na yaye tabarma. Na gaya masa abin da ke ciki da, da wadda aka ajiye wa shi.

Ya daɗe yana kallon firigon. Ya taɓa bayansa, ya taɓa rufin kwanon ya janye hannu. Sai ya durƙusa a wurin ya ɗora hannu biyu a ka. "Na tambaye shi, Gwaggo," ya ce. "Wallahi na tambaye shi."

Na ce na sani, ba wanda ya ce laifinka ne.

Ya jawo jakarsa ya fiddo ordinater ya ɗora a gwiwa. Ya danna nan, ya ja wani abu daga ƙasa ya kai sama. Ban gama gyara ɗaurin kallabina ba sai na ji firigon ya yi wata girgiza, ya kama gurnani da rana tsaka.

Na ce, "Shi ke nan?"

Bai iya dubana ba. "Shi ke nan, Gwaggo."

Na so a ce aikin yini ne. Na so a ce sai an kira wani daga Yamai, sai an sayo wani ƙarfe mai tsada. Da na samu abin da zan riƙe.

Ƙyauren a buɗe yake, kuma daga bakin ƙofa ana jin ƙarar. Na ga bayan Ɗanbaba ya ƙame, bai juyo ba. Tahiru ya share fuska, ya rataya jaka, ya fita. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa da shi kamar kullum.

"Baba, zan koma."

"To Malam. Allah shi kiyaye hanya. A gaida gida."

Iyakar abin da suka ce ke nan, kuma har yau ba su ƙara a kai ba. Tahiru yana zuwa duba injuna, ya durƙusa, su gaisa kowa yana kallon wani gefe. Zahra'u ta so ta ɗauke uban ya koma wajensu, ya ce ina, ba a zama gidan suruki.

Shef yana nan yana aikinsa. Ranar kasuwa ya tada uku, da yamma ya kwantar da biyu, manoma suna kira ana amsa musu, an ce tun da aka sa shi layin bai sake mutuwa ba. In wuta ta yi ƙaranci ya yanke fitilun waje, har ya rage wa na'urar sanyi, amma ba ya taɓa ɗakin gardi. Firigon yana sahun gaba yanzu, kafaɗa da kafaɗa da injuna.

Ba komai a cikinsa. Na ce wa Ɗanbaba ya riƙa sa ko ruwan sha ne, ya ce ba zai iya haɗiye shi ba. Na ce to ya cire shi daga wuta ya huta da jin ƙarar, tunda yanzu dare da rana a nan yake wuni yake kwana. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Malam ne ya kunna shi," ya ce. "Yaya zan kashe ban tambaye shi ba?"